Wuƙa, Kasuwa ko Jinya?

Kaza ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, don haka alhakin ganewa yana wuyan mai ita. Idan ta daina ƙwai, ta saki fukafukai, ta kama koren zawo, wuyanta ya murɗe, musamman da hunturu, to ana zaton cutar Niyukasil ce. Ba ta da magani sai rigakafi, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa.

A nan halin mutum ke fitowa. Mai zaro wuƙa kafin ta zama mushe yana da uzuri: talaka ba ya jure asarar nama da ƙwai lokaci guda. Wanda ban sami uzurinsa ba shi ne mai sammakon kai ta kasuwa kafin ciwon ya fito fili. Kuɗinsa sun tsira, amma ya aika annoba akurkin wata gyatuma wadda da kuɗin ƙwai take cefane.

Jinya kuwa ba ta neman dukiya. A ware ta, a ajiye mata ruwa mai tsabta, a kira malamin dabbobi ya bambance ciwon da murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. Idan ita ce, yankan ma haɗari ne ga mai riƙe da wuƙar.