Minti Nawa Tausayi Yake Yi?

Shin ya halatta mai fasaha ya takura wa mai kallo da gangan? A 1987, Ba'amurke Bruce Nauman ya shirya wani aiki mai suna Clown Torture, wato azabtar da wawa, wanda gidan fasaha na Shikago ya mallaka. Ɗaki ne mai duhu, da akwatunan talabijin 4 da majigi 2. Nan wawa mai fentin fuska yana shure-shure yana kururuwa. Can yana ba da labarin da ƙarshensa ke komawa farkonsa. Faifan yana ƙarewa, sai ya sake farawa.

Mai kallo yakan fara da dariya, ya koma tausayi, sannan ya ƙosa ya nemi ƙofa. Alhali kukan bai ragu ba, kunne ne ya gaji. Haka muke yi wa maƙwabcin da ya daɗe yana jinya: ranar farko a cika gidansa, bayan wata uku a ce ya cika ƙorafi. Sabo turken wawa, in ji Hausawa.

Saboda haka ba mu ga laifin Nauman ba. Bai kulle kowa ba, amma duk wanda ya fita ya san minti nawa tausayinsa ya yi.