ZANEN TATU: ADO NE KO CIN AMANA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa maza da mata, akwai wata al'ada da ta fara samun gindin zama a zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawasi, wato zanen jiki da ake kira tatu. Za ka ga saurayi da zaki a damtse, ko budurwa da fure a wuya. In ka tambaya, amsar guda ce: "Jikina ne, kuma da shi nake nuna wa duniya ko ni wane ne." To wannan amsa ce nake so mu auna a ma'aunin Shari'a.

Da farko mu san abin da ake magana a kansa. Larabawa suna kiransa washmu, kakanninmu kuwa sun san irinsa da sunan jarfa. Yadda ake yi shi ne a huda fata da allura, a cusa tawada ta wuce fatar sama ta zauna a ta ƙasa, shi ya sa sabulu ba ya fitar da ita. Tun da wani Ba'amurke, Samuel O'Reilly, ya yi rajistar injin zane mai aiki da lantarki a 1891, aikin ya yi sauƙi ya bazu, har 'yan ƙwallo da mawaƙa suka kawo mana shi cikin ɗakunanmu ta talabijin da waya.

Hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai yin wannan zane da mai neman a yi mata. Ɗaliban Larabci su lura da kalmomi biyu a nan: washima ita ce mai riƙe da allura, mustaushima kuwa ita ce mai neman a yi mata. Ke nan mai sana'ar da mai biyan kuɗin duk hukuncin ya hau kansu. An ambaci mata ne domin a wancan zamani su suka fi yi, amma malamai sun bayyana cewa maza ma suna ciki. Kuma duk aikin da aka haɗa shi da la'ana, malamai suna lissafa shi cikin manyan zunubai. Haka nan a Suratun Nisa'i, aya ta 119, Allah Ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na sa 'yan Adam su canza halittar Allah.

Yanzu mu koma kan maganar "jikina ne". Ɗan'uwa, yaushe ka saye shi? Nawa ka biya? Jikin nan ajiya ce aka ba ka, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa cikin abubuwan da za a tambayi bawa ranar Alƙiyama har da jikinsa, a me ya ƙarar da shi. Wanda aka ba ajiyar riga ba ya yanka ta don ya nuna gwaninta. Sannan wane bayyana kai ne a kwaikwayon hoton da ka gani a jikin wani? Muhammad Salah na Masar ya ɗauki kofin zakarun Turai tare da Liverpool a 2019 babu zane a damtsensa, amma duniya ta san shi, ta kuma san sujadarsa.

Ga kuma cutarwa ga lafiya. Allurar da ba a tsabtace ba tana iya ɗauko ciwon hanta da ƙanjamau daga wani ta kai wa wani. Mu masu baƙar fata kuma tabo yakan kumbura mana ya yi tudu. Cire zanen da na'urar leza yana bukatar zuwa sau da yawa, ga zafi, ga tsada, kuma ba kullum yake fita tas ba. Sunan budurwar da ka rubuta kana ɗan shekara 19 yana nan daram ranar da wani ya aure ta. Mafi muni shi ne mai zana sunan Allah ko aya a jikinsa, alhali da jikin nan zai shiga bayan gida.

Musulunci bai hana ado ba. 'Yan'uwa mata, lalle halal ne gare ku, domin a saman fata yake kuma yana gogewa. Ku dai yi hattara da baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, yana ƙona fata. Samari, ga turare, ga asuwaki, ga tufa mai tsabta.

To wanda ya riga ya yi fa? Ya tuba, ya yi nadama, kada ya ƙara. Imam Nawawi ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa in zai iya cirewa ba tare da cutuwa ba, sai ya cire. In kuwa akwai tsoron mummunar illa, cirewar ba ta wajaba ba, tuba ta ishe shi. Malamai da yawa sun ce alwalarsa da sallarsa sun inganta, tunda tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa jiki. Wanda aka yi wa tsaga yana jariri babu laifi a kansa, haka wanda ya musulunta da zanensa, domin Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi.

Saboda haka kada mu kori irin waɗannan 'yan'uwa daga masallaci da harara ko habaici. In ka ga mai zane ya shigo sahu, ka matsa masa wuri. Wataƙila hawayen tubarsa sun fi sallarka nauyi a wurin Allah. Kai kuma da kake shawarar zuwa gobe, ka dakata, ka tuna cewa da wannan fata za a yi maka wanka a sa ka a likkafani.

Allah Ya shirye mu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya sa mu mayar da ajiyarSa lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.