Jikinki Amana Ne: Nasiha Ga Iyayenmu Mata Na Kwarbai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu aron jiki da numfashi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku iyayena da yayyena mata na Kwarbai da sauran unguwannin birnin Zazzau, musamman ku da kuka haura arba'in, ina yi mana wasiyya da tsoron Allah game da wannan jiki da za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Ku dubi sahun mata a sallar asham. Kujerun roba sai ƙaruwa suke yi kowace shekara, kuma da yawa cikin masu zama a kansu ba su kai sittin ba. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, numfashi na sama-sama, goshi ya daina taɓa ƙasa. Allah Ya karɓi uzurin mai uzuri, ladanta yana nan cikakke. Amma wadda take da damar kare sujadarta tun yanzu, me take jira?

Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ne yawancin mata ke daina ganin al'ada. A wannan lokaci jiki yakan sauya: tsoka na raguwa, ƙashi na rage ƙwari, kitse kuma ya koma taruwa a ciki. Abincin da kike ci kina 'yar talatin ba tare da ya zauna miki ba, yanzu zama yake yi. Wannan kitse na tumbi shi ne ke share wa ciwon suga da hawan jini hanya, su kuma su jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ki ari tef ɗin tela ki auna tsakiyar cikinki daidai cibiya. Idan ya wuce inci 35, likitoci sun ce haɗari ya ƙaru sosai.

Iyayenmu na da sun yi surfe, sun yi daka, sun yi niƙa a dutse, sun ja guga, sun taka da ƙafa daga Kwarbai har Tudun Wada. Mu kuwa inji ya karɓi turmi, Keke Napep ya karɓi tafiya, waya ta zaunar da mu a tabarma tun hantsi har la'asar. Sauƙi ni'ima ce, mun gode wa Allah. Sai dai aikin ya ragu, malmalar tuwo ba ta ragu ba, ga lemon kwalba da taliya da fanke da cincin sun ƙaru a kai.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya kuma haramta wuce iyaka. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da a raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ya kuma hana Abdullahi ɗan Amru wahalar da kansa da ibada, ya tuna masa cewa jikinsa na da haƙƙi a kansa. Abu Dawuda ya kawo cewa Manzon Allah ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake, shi ya wuce ta. Uwar Muminai ke nan. To wace kunya ce za ta hana ki zagaya tsakar gidanki?

Ina gargaɗinku da hanyoyi biyu na halaka. Ta farko ita ce ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu ke sha don a ce miji na kula da su, ko don kada kishiya ta fi su cika zane. A cikinsu akwai dexamethasone, maganin da shan sa ba da umarnin likita ba yake kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Ta biyu ita ce shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya, wanda yawancinsa gudawa da fitsari kawai yake sa wa, ruwan jiki ya zube, kitse na nan daram. Haka mai kashe kanta da yunwa mako biyu, daga baya ta dawo ta ninka cin da take yi. Nana A'isha ce ta ruwaito mana cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wannan ita ce ƙa'idar rage ƙiba gaba ɗayanta.

Ga kaɗan ɗin da za ki iya dawwama a kai. Ki rage malmala, ki ƙara miyar ganye. Allah Ya wadata ƙasarmu da zogale da rama da yakuwa da alayyafo da kuka da kuɓewa. Faten da aka san Zazzagawa da shi, idan ganye ya rinjayi tsaki kuma aka taƙaita mai, abinci ne na gari. Ki riƙe wake da acca da tuwon dawa, ki sha fura da nono da zoɓo ba tare da kin zuba suga ba. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da suga kimanin cokalin shayi takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Ki rage dunƙule, ki koma wa daddawa.

Hukumar ta kuma ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Mai kulle ta zagaya tsakar gida bayan asuba tana azkar ɗinta. Mai fita ta taka zuwa Islamiyya ko gidan zumunci. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu gab da kamuwa da ciwon suga, da aka ɗora su kan irin wannan tafiya da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Mai kilo 80 ke nan, kilo biyar zuwa shida kawai ake nema a wajenta, a hankali cikin watanni. Azumin Litinin da Alhamis ga lada ga sauƙin jiki, muddin ba a rama da soye-soye a buɗa-baki ba. Mai shan maganin suga kuwa ta fara tuntuɓar likita.

Kada ki jira sai kin faɗi. Asibitin Gambo Sawaba na nan Ƙofar Gayan, Asibitin Koyarwa na ABU na Shika, ga ƙananan asibitocin unguwa. Ki je a auna jininki da suganki ko ba kya jin komai, domin hawan jini yakan daɗe yana ɓarna shiru.

Ku kuma maza, ku bar yi wa matanku gorin rama ko gorin ƙiba. Ku sayo ganye da wake, ku ba su izinin zuwa awo, domin ku ma za a tambaye ku.

Hajiya, Inna, Yaya, ki fara yau da rage cokali ɗaya na suga da zagaye goma na tsakar gida, ki ƙulla niyya don Allah. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya bar mu da sujadarmu har ƙarshen rayuwa. Amin.