Haƙƙin Mesar Da Aka Ceto

A Amurka da Ingila akwai mutanen da ke kiwon maciji a gida kamar yadda ake kiwon kyanwa. Wadda suka fi so ita ce ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda ake fitarwa da yawa daga Gana da Togo da Benin. Takan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo, don haka sau da yawa mai ita kan gaji ya yasar, wani ya ɗauka saboda tausayi. To, a ce wannan na biyun ya ga kumburi a jikinta, likitan dabbobi ya yanki ɗan nama ya auna, ya ce ciwon daji ne. Me ya wajaba a kansa?

Na san wani mai karatu zai yi tsaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma manomin da kububuwa ta aika asibitin Kaltungo ba zai so jin wannan zance ba. Yana da hujja. Sai dai mesar nan ba ta da dafi, kuma ba ita ta zaɓi zaman akwatin gilashi ba. Ɗan Adam ne ya raba ta da dawa, ya mayar da abincinta da ɗuminta hannunsa. A ganina daga nan haƙƙi ya hau kansa, ko tana da kyan gani ko babu, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. Masanin nan na Ingila, Jeremy Bentham, tun a 1789 ya nuna cewa abin dubawa ga dabba shi ne ko tana jin azaba, ba wayonta ko iya maganarta ba.

A nan ne wuyar take. Kare yakan yi kuka, akuya takan yi ihu, maciji kuwa ba ya da muryar koke, ko fatar ido ba ya da ita balle a karanci fuskarsa. Ƙin cin abinci ma ba shaida ba ce, domin lafiyayyar mesa takan yi watanni ba ta ci ba. Likita yana iya sa ta barci ya cire ƙarin, wani lokaci a dace, wani lokaci ya dawo. Idan mai ita ya nace a yi ta yanka ta, sai a tambaye shi, don ita yake yi, ko don kada a ce ceton da ya yi ya tashi a banza? Mutum kan rikita son kansa da tausayi ba tare da ya sani ba.

Abin da ya rage masa shi ne aikin da ba wanda zai yaba: ya riƙa auna nauyinta, ya daidaita ɗumin akwatin, ya ba ta maganin rage zafi. Ranar da ta fara ramewa, ta kasa juyar da jikinta, likita kuma ya ce babu sauran dabara, sai ya yarda a yi mata allurar da za ta raba ta da wahala.