Zafin Kan Silinda da Mas'alar Sababi

Injin ƙaramin jirgin sama irin Cessna 172, wanda akasari ƙirar kamfanin Lycoming ne na Amurka mai silinda huɗu, ba shi da lagireto ko ruwan sanyaya irin na mota, domin iskar da ke shiga ta hancin jirgin ce ke ratsa siraran fukafukan ƙarfe da ke jikin kowace silinda ta kwashe mafi yawan zafinta. Kan silinda, wato murfin alminiyam da ke rufe ɗakin da mai ke ƙonewa, ƙarfinsa na raguwa gwargwadon ƙaruwar zafi, shi ya sa Lycoming ya sanya digiri 500 na ma'aunin Faranhait a matsayin iyaka, tare da shawarar a riƙa tafiya ƙasa da 400 idan ana son injin ya yi ƙarko. Duk sa'ad da allurar ma'auni ta haura, tambayar da ke gaban bakanike ita ce abin da ya jawo hakan, wadda kuwa tsohuwar tambaya ce a wurin malaman tauhidi.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya tattauna ta a Tahafutul Falasifa da misalin wuta da auduga, inda ya nuna cewa ido yana ganin ƙonewa tana aukuwa a lokacin haɗuwarsu, amma ba ya ganin hujjar cewa wutar ce da kanta ta aikata ƙonewar, domin mai aikatawa na haƙiƙa Allah ne. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa musun sabubba musun ilimi ne gaba ɗaya. Wanda ya karanci Ummul Barahin ta Shehu Sanusi a zauren malami ya san matsayar Gazali da sauran Ash'arawa da sunan hukuncin al'ada, wato danganta abu da wani abu saboda yawan maimaituwa, tare da yarda cewa dangantakar tana iya saɓawa.

Mutane da dama sun ɗauki wannan matsaya a matsayin lasisin sakaci, alhali a garejin jirage ta fi kama da horo a kan tsantseni. Matuƙi yakan lura cewa zafin ya tashi ne tun ranar da aka sauya fulogogi, sai ya yanke cewa su ne masu laifi, ya manta cewa a ranar an cire murfin inji an mayar. A ƙarƙashin murfin nan akwai shingayen alminiyam masu leɓen roba waɗanda ke tilasta wa iska bi ta tsakanin fukafukan silinda, kuma leɓe guda da ya lanƙwashe ta baya yayin rufewa ya isa ya buɗe wa iskar wata hanya ta zurare ba ta sanyaya komai ba. Abu biyu sun auku tare, ɗaya ne kawai ke da hannu, wanda shi ne ainihin bambancin da Gazali ya ja hankali a kansa.

Sauran abubuwan zargi sanannu ne. Taimin ɗin maganeto, na'urar da ke ba fulogi wuta, wanda a injin O-320 ake saitawa a digiri 25 kafin fistan ya kai ƙololuwa, yana ƙara zafi idan ya yi gaba. Haka nan ƙarancin mai a cikin cakuɗarsa da iska yayin da injin ke aiki da cikakken ƙarfi, da hawa sama a tsaye da ƙaramin gudu a ranar zafi, har da sheƙar tsuntsu a kan silinda. Akwai kuma yiwuwar cewa mai shaidar ne ke ƙarya, don haka gogaggen bakanike yakan musanya na'urar awon silindar da ake zargi da ta maƙwabciyarta, ya ga ko zafin zai bi na'urar ko zai tsaya inda yake, kuma ba ya taɓa abu biyu a gwaji ɗaya.

Wannan gwaji ba zai raba gardamar Gazali da Ibn Rushd ba, tun da yake ko wuta tana ƙona da ɗabi'arta ko da al'adar da Allah ya gudanar, sakamakon musanya na'urar ɗaya ne. Sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ba da ƙofar a ambaci ƙaddara kafin a buɗe murfi, domin Gazali kansa ya yarda cewa maimaituwar al'ada tana dasa wa mutum sanin da yake dogara da shi. Jirgin da allurarsa ke kusantar 500 ba tare da an gano dalili ba bai cancanci a tashe shi da sunan tawakkali ba.