Tsiren Maigida, Kokon Yara

Idan aka ce haɗama, hankalin mutane yakan tafi ga wanda ya share akushi uku a wurin biki, ya kuma ƙunshe saura a hular kansa. Wannan abin dariya ne, illarsa ba ta wuce cikinsa. Haɗamar da ta fi damuna a Maraɗi shiru take yi, mai ita kuwa mutumin kirki ne a idon unguwa, a sahun gaba yake salla. Shi ne magidancin da zai bar cefanen da bai taka kara ya karya ba da safe, bayan lisha ya tsaya wurin mai nama ya ci na jika guda a tsaye, ya zarce teburin mai shayi a soya masa ƙwai huɗu, a dama masa madara har cokali ya yi nauyi, sannan ya goge baki sarai kafin ya yi sallama a gida. A ciki yara sun riga sun kwanta da tuwon gero da miyar kukar da ba ta ga mai ba.

Maraɗi ƙasar albarka ce. Duk wanda ya bi gulbi daga Madarunfa zuwa Jiratawa, ya gangara Tibiri, ya ga zogale da albasa da tumatir da barkono. A tudu ga gero, ga wake, ga riɗi, ga aya. Gyaɗa ce ta tayar da alhazan garin tun zamanin Turawa, har ake kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar. To amma a wannan jihar ce abin kunyar nan, yunwar 2005, ya fi tsanani. A shekarar, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Hatsi bai ƙare a kasuwa ba a lokacin, tiya ce ta fi ƙarfin talaka, wasu kuma suka kulle mangaza suna jiran farashi ya ƙara tashi. Wannan ma haɗama ce, ta manya. Har yanzu kuma binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ke gudanarwa ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran jihar ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba.

Ba na ɗora wa manomin da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara laifi. Talauci gaskiya ne, zazzaɓin damina da zawo suna cin jikin yaro ko da an ciyar da shi. Da mai hali nake magana, ko da halin kaɗan ne. Duk wanda ya san gidajenmu ya san yadda ake rabon tukunya. Kwanon maigida ake fara zubawa, tsokar da ke cikin miya can take tafiya, ƙashi ga uwargida, romo ga yara. Ƙwan zabi na damina a kai shi bakin titi a sayar, in yaro ya miƙa hannu a ce kul, mai cin ƙwai ɓarawo yake zama. Ban taɓa jin an ce ƙwai ya mai da wani alhaji ɓarawo ba, ga shi kuwa su suka fi kowa cinsa. A wasu ƙauyuka maigida kan rufe rumbun gandu bayan kaka ya tafi cin rani, ya bar mace ta ci da kanta da ƴaƴanta daga ɗan abin da gamanarta ta bayar. Hujjarsa ita ce tanadin damina, kuma akwai hikima a ciki. Sai dai jikin yaro ba ya jiran damina.

Likitoci sun daɗe da bayyana cewa daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, wato kwana 1,000 na farko, nan ake gina ƙashi da ƙwaƙwalwa. Abin da yaro ya rasa a wannan tsakanin da wuya a mayar masa, ko da daga baya an ciyar da shi da rago kullum. Koko tsarara yana cika ciki ya kashe kuka, amma ruwa ne da ɗan gari. Abin da zai gyara shi kuwa yana nan a ƙofar gida: garin ƙuli-ƙuli, garin wake, busasshen zogale da aka daka, ɗan mai, ƙwai guda in an samu. Kuɗin tsinke biyu na tsire ya isa.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Maganin da ake ba yaro mai tamowa a gidan likita, Plumpy'nut, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1996, gyaɗa ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Gyaɗa fa! Abin da kakanninmu suka cika buhuna da shi aka kai Turai, shi ne ya dawo mana a leda da sunan magani. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ledar nan takan ɓulla a kan teburin ƴan tireda, manya su saya su shafa wa burodi, ko a dama a fura. Ƙato mai gemu yana tsotsar rabon jaririn da aka auna wa hannu aka ga ya shiga jan layin tamowa. In wannan ba haɗama ba ce, to ban san me za a kira da sunan ba.

Shi kansa mai haɗamar bai tsira ba, bashi ne yake ci wanda jikinsa zai biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ke nan guda. A lissafa dunƙulen magin da ke cikin miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne, a ƙara da yajin tsire da na kilishi. Sukari kuma ta ce kada ya wuce kimanin giram 50. Shayin majalisa na fari da na biyu da na uku, da lemun kwalba bayan cin rana, sun haye wannan tun kafin la'asar. Daga nan sai yawan fitsarin dare da ƙishirwa, sai ƙafa ta yi miki ya ƙi warkewa, sai ido ya dushe, wata safiya a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. A ce jifa ne, a ce iska ce, a yi ta yawon gidajen masu magani. Ciwon sukari da hawan jini sun shigo gidajen da ake kai yara awon tamowa, wani lokaci uba da ɗa a rana ɗaya za su kama hanyar likita, kowa da katinsa.

Mu ma da hannunmu a ciki, don mu ke yabon tumbi. Mutum ya yi teɓa mu ce daɗi ya zauna, amarya ta yi wata uku ba ta cika ba a fara tsegumin miji ba ya riƙo. Shi ya sa ƴan mata ke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a hannun ƴan talla. Wasunsu, irin dexamethasone, ruwa suke tara wa jiki su kumbura fuska, su tayar da sukari da jini, su raunana ƙashi.

Malamanmu ba su yi shiru ba. Kowane mai sauraron wa'azi ya ji koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta a raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ya kuma ji gargaɗi a kan mai kwana da ƙoshi maƙwabcinsa na jin yunwa. Muna jin wannan sai mu leƙa katangar maƙwabta, mu manta wanda ke kwance a ɗakin da ke kallon namu, wanda ciyar da shi wajibi ne a kanmu, ba kyauta ba. Watan azumi ma, da aka kawo don a hori ciki, mun mai da shi watan da tire ke fin na kowane wata nauyi.

Alhaji, malam, ɗan'uwana mai kabu-kabu, ban ce ka daina cin nama ba, guminka ne. In ka tsaya wurin mai tsire yau da dare, ka ce ya naɗe maka a takarda, ka shiga da shi gida, ka tashi mai goyo da ƙaramin yaron gidan su fara sa hannu.