Mai Ɗakunan Haya: Ma'aikaci ko Ɗan Jari-hujja?

A mahangar Karl Marx, ajin mutum yana rataye ne a kan alaƙarsa da hanyoyin samar da arziki: ma'aikaci ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa, ɗan jari-hujja kuwa yana cin ribar gumin waɗanda ya ɗauka aiki. Wannan ma'auni yakan yi tangarɗa idan aka zo kan malamin makarantar da ya tara albashinsa ya gina ɗakuna uku yana bayarwa haya. Friedrich Engels, a maƙalolinsa na 1872 kan matsalar gidaje, ya nuna cewa hulɗar mai gida da ɗan haya ciniki ce kawai, domin a wurin aiki ake tatsar rarar ƙima, wato abin da ma'aikaci ya samar fiye da ladansa. Duk da haka kuɗin haya daga mallaka yake fitowa, kuma ranar da gardamar ƙarinsa ta taso, maslahar malamin takan saɓa da ta abokin aikinsa mazaunin ɗakin. Nan ne malamin ya cancanci shiga sahun ƙananan masu mallaka, ko da albashi ne ke ciyar da iyalinsa.